Kafin ki ba mai fulawa kuɗinki: wane wardi ne zai rayu a gidanki?

Ni da Yayata shekara huɗu kenan muna wannan harka ta furen wardi, ita tana Jos ni ina Kano, kullum da safe sai hoto a WhatsApp, wannan ya fito wancan ya bushe. Kuma gaskiya na daɗe ina jin haushi don iri ɗaya za mu saya rana ɗaya, nata ya yi ta zuba fure kamar na kalanda nawa kuwa wata uku sai kara. Sai daga baya na gane ba hannuna ne ba albarka ba, garin ne. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyi ne da ita, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. To duk abin da zan faɗa nan daga wannan bambancin ya taso.

Farko dai ki tabbatar abin da ake miƙo miki wardi ne. Masu sayarwa a bakin titi komai ros ne a wajensu. Akwai wadda suke kira ros ɗin sahara, mai ƙaton gindi da fure ja-ja, wannan kariya ce tamu ta gargajiya, ba ta da dangantaka da wardi ko kaɗan. Tana da kyau kuma ba ta damu da ruwa ba, amma ruwan jikinta guba ne, in da yara ƙanana ko awaki a gidan ki yi tunani. Akwai kuma ƴar ƙaramar nan mai yaɗo da ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, ita ma ros suke ce mata. Wardi na gaske yawanci da ƙaya, ganyensa kuma biyar ko bakwai ne a jere a sanda ɗaya, bakinsu kamar haƙoran zarto.

To a cikin na gasken, wanda ya fi ɗaukar ido shi ne mai fure ɗaya babba a kan dogon reshe, irin na kyautar amarya, Turawa na ce masa haibirid ti. Asalinsa Faransa ne, wanda ake lissafawa na farko a wannan jinsi ya fito a 1867. Wlh yana da kyau, wasu kuma ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare, amma shagwaɓaɓɓe ne. Yana son taki a kai a kai, yana son aski, wato rage masa rassa, da damina baƙin tabo ya kama ganyensa ya zube, da bazara furen ya ƙanƙance gefensa ya ƙone. Yaya na da guda shida kuma lafiya lau suke. Ni na binne uku. In kina Jos ko Mambila bismillah, in kina Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kada ki fara da shi.

Wanda ni nake ba sabon shiga shawara shi ne mai fure tari-tari, filoribunda. Furensa bai kai na farkon girma ba kuma yawanci ƙamshin kaɗan ne, sai dai reshe ɗaya zai ɗauko biyar shida lokaci guda, wannan na faɗuwa wancan na buɗewa, kuma ya fi haƙuri. Akwai wani fari da ake kira Iceberg, wani gidan renon fure a Jamus ya fitar da shi a 1958, in kika same shi ki riƙe. Mai hawa katanga kuwa sai mai fili da haƙuri, don yakan ɗau shekara biyu ko fi kafin ya cika ido kuma sai kin ɗaura masa waya ko katako. Ƙananan nan na cikin kofi da ake kawatawa da leda mai ƙyalli, su ne suka fi yaudara, mutum ya ajiye a falo kan tebur sati biyu ya mutu, alhali wardi ko ƙarami ne rana yake so wajen awa shida.

Mutane da yawa na tambayata wanda ake ruwan wardi da shi, irin na Ɗa'ifa da alhazai ke ba da labari. Wannan jinsin Dimashƙa ne, sau ɗaya yake fure a shekara, kuma Ɗa'ifa kanta a kan duwatsu take ga sanyi. Ƙamshi babu na biyunsa amma a tsakar gidan Kano kina iya shekara kina ban ruwa ki tashi da ganye zalla.

Yanzu ga inda kuɗi ke tafiya, mai aure ko na yanka. Kamar dai mangwaro, ana aura reshen mai kyau a kan gindin wani mai ƙarfi, za ki ga ƙulli a ƙasan jikinsa inda aka haɗa. Mai aure ya fi tsada kuma ya fi saurin girma da manyan fure, matsalarsa gindin na ƙasa yakan fito da nasa reshe, in ba ki cire ba sai ya cinye na saman ki wayi gari da wani abu daban da wanda kika saya. Na yanka kuwa reshe ne kawai aka kafa a leda ya yi saiwa, araha ne, yana jinkiri, amma ko zafi ya ƙona shi har ƙasa in ya toho shi ɗin ne dai. Ni yanzu na yanka nake saya, kuma wanda aka rena a garinmu, ba wanda mota ta sauke jiya daga Jos yana sheƙi ba. Ki tambayi mai lambun, Malam wannan ya yi bazara a nan? Yadda zai amsa ma ya ishe ki.

Kuma ki daina kallon furen, ki duƙa. Ɗaga ledar ki duba ƙasanta, in kin ga fararen saiwoyi sun leƙo to ya kama. Ja shi a hankali, in ya taho sakwaf to jiya aka soke shi. An taɓa yi min haka, reshe mai fure aka cusa a ƙasa aka sayar min, kwana huɗu ya langaɓe. Juya bayan ganye ki ga ko akwai darɓa ko wata siririyar yana kamar ta gizo-gizo. Wanda ke da rassa uku kore masu kauri ba fure ko ɗaya ya fi mai sanda ɗaya da ƙaton fure.

Iri na cikin fakiti da ake tallatawa a intanet, shuɗi da baƙi da mai launin bakan gizo, ki bar musu kayansu. Wardi ba shi da sinadarin da ke ba da shuɗi, ko kamfanin Suntory na Japan da ya sauya masa halitta ya fara sayarwa a 2009 abin da ya samu ya fi kusa da ruwan hoda mai shuni. Haka ɗaurin furen kanti, wanda yawanci daga Kenya ko Habasha ake kawowa, da wuya ya yi saiwa.

Lokacin saye a wajenmu ƙarshen damina ne zuwa shigowar hunturu, ya samu watannin sanyi ya kafu kafin zafi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba don roba dafa saiwa take, a huda gindinta, a haɗa baƙar ƙasa da yashi da kashin shanu wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin kaji ƙonawa yake kuma busasshen da bai ruɓe ba gara yake kira. Ki ajiye inda rana za ta same shi da safe inuwa ta rufe shi bayan azahar.

Mu dai yanzu ba ma sayen iri ɗaya, ta sayi nata in sayi nawa, in an yi aski a naɗe rassan a jiƙaƙƙen tsumma a ba direba. Wancan satin ta kira ni wai ke ƙanwata farin nan da kika aiko ya fi naki kyau fa. Na ce Yaya ai na sani, ki dai aiko min da jan.