A ɗakin gwaji, farantin jini zalla ko mai maganin SXT, wanne ya fi kamo ƙwayar ciwon maƙogwaro?

To, matsalar ita ce maƙogwaron mutum cike yake da ƙwayoyin da ba ruwansu da ciwo, kai kuma guda ɗaya kake nema, Streptococcus pyogenes, wato rukunin A. In ka goga audugar da aka shafo maƙogwaron da ita a farantin agar (abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai) mai jinin tumaki kashi 5 cikin 100, kowa da kowa zai tsiro, sai ka ɗaga faranti saitin haske kana laluben ɗan ɗigon da ya narkar da jinin gefensa ya bar fili tas, wani lokaci ma sauran ƙwayoyin sun rufe shi ruf, ana kuma ɗan soka wayar shukar cikin agar ɗin don narkewar ta fito sosai.

Shi kuwa mai SXT an zuba masa magani, haɗin sulfamethoxazole da trimethoprim, da ke danne yawancin 'yan rakiyar nan, faranti ya fita fes, ido ya huta. Amma fa yana da nasa. Ƙwayar da kake nema ita ma tana iya yin nawa, in ba ka ga komai ba bayan awa 24 a digiri 35 zuwa 37 kar ka yi gaggawar cewa babu, mayar da shi ya cika awa 48. Sannan yana danne Streptococcus rukunin C da G, alhali su ma suna sa ciwon maƙogwaro.

Ni dai in rukunin A kaɗai likita ya nema, mai SXT zan ɗauka. In majinyacin babba ne kuma ana zargin C ko G, jini zalla, a sha wahalar dubawa.