GARGAƊI: Akwatin "wuta daga iska" da ake sayarwa ₦185,000 batir ne kawai a ciki

Jama'ar Birnin Kebbi, Jega, Argungu da kewaye, don Allah ku karanta wannan kafin wani ya sake tura kuɗinsa. Akwai masu yawo da wani baƙin akwatin ƙarfe mai eriya a kai, suna cewa yana zuƙo wutar lantarki daga iska, ba fetur, ba sola, ba caji har abada. Kuɗinsa naira dubu ɗari da tamanin da biyar. ₦185,000! An kawo mana irinsa shago bayan ya mutu, mun kwance shi, kuma tun daga lokacin raina yake a ɓace.

Abin da ke ciki: batir ɗaya na 12V 7Ah, irin ƙaramin nan na UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, tsoho, an kankare tambarinsa. Ƙaramar inbata mai wat 300. Allon da ke nuna lamba 220 da jan haske. Sai wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin guntun bututun roba, da maganaɗisu biyu na tsohuwar lasifika an manne su da gam. Wayar eriyar ta shiga cikin akwatin ta ƙare a jikin kusa, ba ta haɗu da komai ba. Duk kayan nan ko sababbi aka saya ba su kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba, amma a jikin akwatin an rubuta 2000W.

Ku yi lissafin da kanku. Bolt 12 sau 7 ya ba da 84, wato batirin yana riƙe wat 84 na awa ɗaya idan sabo ne kuma cike yake. Inbata za ta cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar ta mayar da shi zafi. Fankar tsaye mai wat 60 za ta yi kamar awa ɗaya ta tsaya. Kwan fitila mai wat 5 zai iya kwana a kunne, shi ya sa mai saye yake barci da murna a daren farko. Gwajin da suke yi a gaban mutane bai wuce minti goma ba, kuma fanka a minti goma wat 10 kawai ta ci daga cikin 84 ɗin.

Wannan gwajin ne yake ci mini rai. Mutum ya ajiye akwatin a kan tebur a bainar jama'a, ya ɗaga shi sama ya ce ku duba, babu waya a ƙasa. Ya zaro eriya, ya danna makunni, fanka ta tashi, fitila ta kama, ya karɓi wayar wani dattijo ya sa a caji, kowa ya ga tana shiga. Ya rantse da Allah. Ya ce "Baba, wannan kai da sayen mai har abada." To wa zai ce dattijon nan wawa ne? Ya gani da idonsa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ta gagare shi, ga zafin bazarar Kebbi da ba ya barin yara su runtsa. Kada wanda ya zo nan ya zagi waɗanda suka saya. Ba a koya wa kowa bambancin bolt da wat a kasuwa ba, kuma a kan wannan ɓarayin suka dogara: lambar 220 da ke kan allo ƙarfin turin wuta ce, ba ta gaya maka yawan wutar da ke ajiye ko daga ina ta fito.

Tun kafin a biya ma sun riga sun toshe hanya. An liƙa takarda a kan kusoshin, wai duk wanda ya buɗe garanti ya tashi. Da akwatin ya mutu a kwana na biyu aka kira su, suka ce a kashe shi ya huta ya sha iska. Batirin gubar da aka sauke wa kaya yakan ɗan farfaɗo, fitila ta sake kamawa na ɗan lokaci, sai mutum ya ce ashe gaskiya ne. Daga nan suka ce a kawo a yi masa saiti, ₦15,000, suka kwana da shi suka yi masa caji suka dawo da shi. Dubu ɗari biyu ke nan cif. A karo na uku wai iskar unguwar ce ba ta da ƙarfi, a ƙara tsawon eriya. Yanzu layin a kashe yake. Hotunan cikin akwatin, da shaidar tiransifa ta ₦185,000 ɗin da ta ₦15,000, da saƙonnin murya, duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe sunayen masu su.

Za su ce maka ai akwai wuta a iska. Akwai, amma nawa? Igiyar rediyo da ta sabis ɗin waya da eriya ke kamawa a cikin gari ana auna ta da kashi ɗaya cikin miliyan na wat, cajar waya kuwa tana son wat 5 zuwa 10. Sararin sama yana da kusan bolt 100 a kowace mita ɗaya ta tsawo idan gari ya yi garau, sai dai abin da ke gudana a ciki bai isa ya kunna ko ɗigon fitilar rimot ba. Masu haɗa moto da dainamo da bel su ce ɗaya yana juya ɗaya su ma haka: kowane zagaye ana asara a zafi da gogayya, dole ya tsaya. Tun 1775 cibiyar kimiyya ta Faransa ta daina karɓar irin wannan iƙirari. Masu akwatin suna kuma yawan ambaton Nikola Tesla, wani shahararren masanin lantarki. Hasumiyar da ya fara ginawa a jihar New York a 1901 don aika wutar da aka riga aka samar da inji ce, ba a kammala aikin ba, aka rushe ta a 1917. Injin iska na gaskiya kuwa, mai manyan fukafukai a kan dogon ƙarfe, wani abu ne daban, sai iska ta kaɗa shi da ƙarfi yake ba da wuta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sun fara shiga wurin manoman rani a fadama suna cewa zai ja injin ban ruwa. Inji mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. A kan bolt 12 sai ya ja sama da amfiya 60 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) daga batirin da ko tafin hannu biyu bai cika ba, inbatar wat 300 za ta yanke nan take ko ta ƙone. Mutum ya sayar da buhunan shinkafarsa ya ba da ₦185,000 a kan wannan! Ga kuma doguwar waya da suke sa mutane su ɗaura saman kwano su shigo da ita ɗaki, ba tare da an binne ƙarfen kariya a ƙasa ba. Idan damina ta faɗi, hanya ce aka buɗe wa aradu har cikin ɗakin da yara ke kwana. Duk wanda ya ɗaura, ya sauke ta yau.

In sun zo maka, ka ce a cire eriyar gaba ɗaya a kunna, za ka ga fanka ba ta fasa juyawa ba. Ka ce a buɗe akwatin a gaban mai gyaran lantarkin da ka sani. Ka jona dutsen guga mai wat 1000, tunda sun rubuta 2000W. In sun ƙi ko ɗaya, kada ka tura ko sisi. Wanda ya riga ya biya ya kai shaidar tiransifarsa banki da ofishin 'yan sanda, kada ya jefar da akwatin.