Ɗan littafin Willy Brandt na shagunan fotokofi a Marwa: a saya, amma da jan biro a hannu

Duk wanda ke karatun Jamusanci a lise ko a jami'ar Marwa, a arewacin Kamaru, ya san wannan ɗan littafi. Shafi 48 ne, takardar A4, ɗinkin roba mai zagaye, Faransanci a hagu, Jamusanci a dama, babu sunan marubuci. Masu fotokofi na sayar da shi sefa 1,500, idan ba a so ɗinki ba kuma jaka ɗaya. Abin da ke ciki shi ne rayuwar Willy Brandt, tsohon shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, tun haihuwarsa a Lübeck ran 18 ga Disamba 1913 har rasuwarsa a Unkel ran 8 ga Oktoba 1992. Ya cancanci kuɗinsa, sai dai wanda ya haddace shi yadda yake zai yi asarar maki a wurare uku aƙalla.

Kafin a biya a ƙirga shafuka. Kofi ne daga kofi, don haka ɗigo biyun da ke kan ä, ö da ü sun shuɗe a wurare da yawa, kuma ɗalibin da ya kwafi Lubeck a jarrabawa shi malami zai kama, ba mai shago ba. A buɗe tsakiyar littafin, inda taswirar Jamus biyu take: idan iyakar Gabas da Yamma ta haɗe da baƙin tawada, a nemi wani. Ɗinkin robar kuma ba ya jure zafin Afrilu a cikin jaka bisa babur, haƙoransa na buɗewa. Gara a ce a buga masa ƙusa biyu a gefe a manna tef.

Babin Berlin shi ne gwanin littafin. Ya nuna yadda Brandt ya riƙe magajin garin Berlin ta Yamma daga 1957 zuwa 1966, yadda katangar da ta raba Berlin biyu ran 13 ga Agusta 1961 ta same shi tsakiyar yaƙin neman zaɓe, da yadda ya fahimci cewa Amurka ba za ta yi yaƙi don rushe ta ba. Daga nan ne siyasarsa ta Gabas ta tsiro: tunda katanga ba za ta faɗi da ihu ba, sai a yi mata ƙofofi. Yarjejeniyoyin da ya ƙulla da ƙasashen Gabas an jera su daidai, ta Mosko ran 12 ga Agusta 1970, ta Warso ran 7 ga Disamba 1970, sai wadda ta daidaita zama tsakanin Jamus biyu ran 21 ga Disamba 1972. Wannan sashe kaɗai ya isa a amsa tambayar bak, jarrabawar gama lise.

Yanzu wuraren gyara. Na farko, littafin ya ce Brandt ya “lashe zaɓen 1969”. Ba haka ba ne. Jam'iyyun CDU da CSU ne suka zo na ɗaya da kashi 46.1, SPD, jam'iyyar Brandt, ta samu 42.7, ƙaramar jam'iyyar FDP 5.8. Ya zama shugaban gwamnati ran 21 ga Oktoba ne saboda ya haɗa kai da FDP ta Walter Scheel, kujerunsu suka rinjaya a majalisa. Kuskuren daga ina? Daga auna Jamus da ma'aunin ƙasashenmu, inda ake zaɓen shugaba kai tsaye. A can majalisa ce ke zaɓar shugaban gwamnati. Zaɓen da SPD ta zo na ɗaya shi ne na Nuwamba 1972, da kashi 45.8, bayan Rainer Barzel, jagoran CDU, ya nemi tsige Brandt a watan Afrilu ya samu ƙuri'a 247 alhali 249 yake buƙata.

Na biyu, a ƙarƙashin hoton durƙuson da Brandt ya yi a Warso a 1970 an rubuta “kabarin sojan da ba a sani ba”. Gaban dutsen tunawa da boren unguwar Yahudawa na 1943 ya durƙusa, kuma nauyin hoton duka a nan yake: mutumin da ya gudu daga ’yan Nazi ne ke neman gafara a madadin waɗanda suka yi ta'asar.

Na uku ya fi dabara. An rubuta cewa ya yi murabus a Mayu 1974 “don an kama shi da leƙen asiri”. Wanda aka kama ran 24 ga Afrilu shi ne Günter Guillaume, hadiminsa, ɗan leƙen asirin Jamus ta Gabas. Fassarar ce ta karkace, ɓangaren Jamusancin ya faɗi daidai. Helmut Schmidt ya gaje shi a gwamnati, amma jam'iyyar SPD tana hannun Brandt tun 1964 har 1987, abin da littafin bai ambata ba sam.

Shekarun gudun hijira an wuce su da gudu, rabin shafi. A rubuta a gefe: sunansa na yanka Herbert Frahm, ya bar Jamus a 1933 zuwa Norwe, an ƙwace masa takardar ɗan ƙasa a 1938, ya tsallaka Suwidin a 1940, aka mayar masa da takardar Jamus a 1948. Ba tare da wannan ba ɗalibi ba zai gane dalilin da abokan hamayya suka riƙa yi masa gorin baƙunta ba.

Babban giɓin, kuma shi ya fi ban haushi ga mai karatu a Marwa ko Garwa, littafin ya rufe labarin a kyautar Nobel ta 1971 da murabus, sai rasuwa. Babu kalma ɗaya kan hukumar Arewa da Kudu, wato ƙasashe masu arziki da matalauta, da ya jagoranta tun 1977, bisa shawarar Robert McNamara na Bankin Duniya. Cikin mambobinta akwai ’yan Afirka, kamar Amir Jamal na Tanzaniya da Layachi Yaker na Aljeriya. Rahotonta na 1980 ya nemi ƙasashe masu arziki su kai tallafi kashi 0.7 na arzikinsu nan da 1985, ya kuma yi magana kan farashin kayan gona da ƙasashe matalauta ke fitarwa, maganar da duk manomin auduga a yankin nan ya san ɗacinta. Rahoton ne ya kai ga taron Cancún na Meziko a Oktoba 1981, ƙasashe 22, ciki har da Najeriya, aka watse ba a cim ma wani abin kirki ba. Malamin da zai koyar da littafin ya tanadi shafi biyu nasa kan wannan, ya ba mai shago ya haɗa a ƙarshe kafin ɗinki. Kofin shafi biyu bai wuce sefa 50 ba.