Sharhina kan man shafawa na Mupirocin bayan ƙurajen ɗana

Gaskiya ban zaci ɗan man shafawa mai giram 15 zai yi aikin da Mupirocin ya yi wa ɗana ba. Ƙuraje ne suka feso masa a gefen hanci da saman leɓe, su ɗuri ruwa su fashe, sannan su yi ɓawo mai launin zuma. Ga ƙaiƙayi. Ya sosa nan ya kai hannu haɓa, gobe sai ki ga sun fito a can ma.

Wanda ya fara sayar mini da magani ko kallon yaron bai yi ba, ya miƙo wani kirim mai haɗe-haɗe wai ba ciwon fatar da ba ya warkarwa. Jan wurin ya ɗan lafa, sai kuma abin ya bazu har kumatu. Da likita ya karanta kwalin ya ce akwai sitiroyid a ciki, wanda ke danne garkuwar fata, ƙwayar cutar ta samu sarari. Har yau in na tuna fuskar yaron nan a lokacin raina ɓaci yake.

Likitan ya ce imfetigo ne, bakteriya Staphylococcus aureus ko Streptococcus ke kawo shi. Ya rubuta Mupirocin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a shafa sau 3 a rana har kwana 5. Ya nuna mini in riƙa jiƙa ɓawon da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi har ya yi laushi ya fita da kansa, don man ya taɓa fatar. A nan ne wahalar take, ina riƙe da kansa yana kuka yana ture hannuna. Amma tun kafin kwanakin su cika ruwan ya daina tsattsafowa, sababbi suka daina fitowa, wurin ya bushe ba tabo. Alhamdu lillahi.

Sai dai ina da ƙorafi. Man yana da raɗaɗi a wurin da ya fashe, kuma maiƙonsa ya ɓata mana matashin kai. Takardar cikin kwali kuwa rubutunta ƙanana ne ƙwarai, alhali a ciki aka ce kada ya shiga ido, ga ƙurajen yara a fuska suka fi fitowa. Abin da ya fi damuna, ba wanda ya jaddada mini saurin yaɗuwar ciwon. Tawul ɗaya suke amfani da shi da ƙanwarsa, ita ma ta ɗauka, man ya ƙare muka sake saye. Yanzu kowa da tawul ɗinsa, farce kullum a yanke.

Duk da haka zan sake sayensa, amma da takardar likita, domin yawan shafa shi barkatai ne ke sa bakteriya su daina jinsa, kuma ba ya yi wa makero komai tunda wannan ba bakteriya ba ce. Likitan ya ce in wuri ya kumbura ya yi zafi, ja na yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, sai an haɗa da maganin sha. Ya kuma ce in sa ido na wasu makonni, in fitsarin yaro ya yi duhu ko fuskarsa ta kumbura in mayar da shi nan take, don Streptococcus kan taɓa ƙoda.