Marine Agar 2216: Amfaninsa da Iyakarsa Wajen Renon Bakteriyar Teku

Duk mai karanta bayanin sababbin nau'o'in bakteriya da ake ganowa a ruwan teku ya san Marine Agar 2216, garin renon ƙwayoyin halitta da ake sayarwa da tambarin Difco. Asalin haɗin na Claude ZoBell ne, masani a cibiyar Scripps ta Kalifoniya, wanda ya wallafa shi a 1941.

Haɗa shi ba wuya. Ana dama giram 55.1 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, a tafasa, a sa a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na minti 15, sannan a zuba a faranta. A kowace lita akwai giram 19.45 na gishiri, da giram 5 na feton (narkakken furotin), da giram 1 na tsamin yis, da sauran ma'adinan da ke kwaikwayon ruwan teku, don haka mai bincike a Zariya ko Yamai ba ya bukatar ɗebo ruwa daga Legas.

A ganina, babbar darajarsa ita ce kowa ya san shi. Kafin a amince da sabon nau'i, sai an gwada shi da danginsa na kusa, a kwatanta jerin 16S (wani sashen ƙwayoyin gado da ake tantance bakteriya da shi) da ɗaukacin ƙwayoyin gado, a ajiye samfurinsa a rumbunan ajiyar ƙwayoyin halitta biyu na ƙasashe daban-daban. Idan aka rene shi a kan abincin da aka reni danginsa a Koriya ko Jamus, to bambancin launi da saurin girma da aka gani na ƙwayar ne, ba na abincin ba.

Sai dai yana da iyaka, kuma wajibi ne mai saye ya san ta. Garin yakan bar 'yar laka bayan dafuwa, wadda sabon hannu zai iya ɗauka tsiron bakteriya ne. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne abincin ya yi wa yawancin mazauna teku maiƙo. Pelagibacter, wadda ke cikin halittun da suka fi yawa a teku, ba ta girma a kansa. Sai a 2002 masana a Oregon suka rene ta cikin ruwan teku mai ƙarancin abinci. Haka kuma gishirinsa ya yi kaɗan ga irin su Salinibacter ruber, wadda aka gano a kududdufan gishiri na Sifaniya, domin tana bukatar gishiri aƙalla kashi 15 cikin ɗari. Wanda zai binciki ramukan gishirin Bilma dole ya ƙara gishiri sosai, mai aiki da ruwan kanwa kuma ya gyara ma'aunin tsami.

Ina ba ɗakunan gwaji shawarar su saye shi, su rufe gwangwanin da kyau saboda garin na jan danshi, su kuma riƙa shuka kowane samfuri a kan cikakken haɗin da kuma wanda aka tsarma sau goma.