Mai wayarin da ya canja min kontak (inda ake murda makullin mota) a Garwa

Salamu alaikum yan uwa, akwai wani mai wayarin mota a nan Garwa wajen Yelwa da nake so in yaba masa don wlh ya cancanta. Corolla ta ce ta dade tana wahalar dani, in ka murda makulli wani lokaci fitilun tablo (allon gaban direba) ma basa kamawa sai ka jijjiga shi, ranar lahadi kuma ina dawowa daga kasuwar Pitoa da iyali ta mutu min ana cikin tafiya, sitiyari yayi nauyi, Allah ne kawai ya kiyaye.

Garaj na farko suka ce batir ne na saya sabo, banza. Na biyu suka ce demarer ne, wato abin da ke tayar da inji, har wani yace bari ya ja waya ya sa min maballi a gefe in rinka tayarwa da shi, na ki, ai haka mota ke kama wuta.

Shi wannan bawan Allah bai taba sukurdireba ba sai da ya gwada da mita. Yace Alhaji kontak kashi biyu ne, akwai inda makulli ke shiga akwai kuma na wuta a bayansa, naka na bayan ne ya cinye, ba sai ka sayi duka ba. Ya cire kan batir na negatif, ya dan jira saboda airbag, ya kwance robar wuyan sitiyari ya nuna min da idona yadda ciki yayi baki ya kone. Ya tambaye ni sabo na China ko okaziyon, wato na hannu, na Beljik, shi ya fi yarda da okaziyon na asali, na bi shawararsa. Makulli na na da shi nake amfani dashi har yanzu, kofa da but duk daya. Kaya da aiki dubu 15 na sefa.

Abinda ban ji dadi ba jira, aikin bai kai awa daya ba amma yaron da ya aika kasuwa neman kayan sai bayan azahar ya dawo, wurin kuma babu rumfar kirki ga ranar Garwa kun santa. In zaku je ku je da sassafe.

Da zan tafi ya rike tarin makullai na yace Alhaji dan Allah rage su, nauyin nan yana cin kontak. Na cire na shago dana gida a nan take, sati 3 kenan bugu daya take tashi.