Wata goma sha huɗu da koyiloba a ƙarƙashin motata a Sakkwato

Honda Accord ta 2008 nake hawa, mai silinda shida. Injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Ƙafafunta ne suka dame ni, domin shokazobar da ta zo da ita daga Kwatano ta riga ta gaji. Idan na shiga shataletalen Gidan Man Ada da ɗan gudu sai motar ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale, in na taka birki kuma goshinta ya nemi dungurar ƙasa. Da lokacin canji ya yi, na ce bari in yi mai gaba ɗaya, na yi odar koyiloba.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, shokazoba ce da sifirin ya naɗe ta, jikinta kuma duk zare ne irin na noti. Akwai zobba a kan zaren, da sifana ta musamman mai ƙugiya da ake juya su, motar ta sauka ko ta ɗaga. A samanta akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa don ƙara tauri ko laushi, nawa mataki 30 gare shi. Cikin kamfanonin da ke ƙera ta, masu harkar suna yawan ambaton Tein ta Japan, da KW da Bilstein na Jamus, da BC Racing ta Taiwan. Aljihuna bai kai can ba, matsakaiciya na saya, amma duk da haka kuɗinta da na dako sun ninka na shokazoba huɗu na yau da kullum.

Ranar da aka ɗaura, na sa bakanikena ya saukar da motar santimita 5. Ya tsaya da sifana a hannu ya dube ni ya ce, “Alhaji, wagga hanya tamu kaka son bi da ita haka?” Na ce ya dai saukar. Gaskiya ta yi kyau, tayoyin sun cika madigadi, duk wanda ya wuce sai ya waiga. Da yamma na hau Western Bypass, a nan ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Sitiyari ya zama kamar hannuna ne ke taɓa kwalta. Kwanar da a da nake rage gudu tun daga nesa, motar ta shige ta a miƙe, ba tangaɗi, ba lilo. Har yanzu idan na tuna daren nan raina yana yin fari.

Daɗin bai kai mako biyu ba. Tudun rage gudu na farko da na haɗu da shi a cikin gari ya kankare cikin motar, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na koma hawan kowane tudu a karkace, masu Keke Napep suna ta danna mini oda a baya. Da damina ta sauka, zuwa wajen 'yar'uwata a Mabera ya zama aiki, domin ruwa yana rufe ramuka, ni kuma kaskon baƙin mai yana dab da ƙasa. Sau biyu ina ajiye motar a bakin titi in ƙarasa da kabukabu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na ɗauki Inna zuwa Bodinga gaisuwa. Tana fama da ciwon baya. Ina kallonta ta madubi, duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido ta kama hannun ƙofa. Ba ta yi magana ba sai da muka isa, ta ce, “Ɗan nan, mi kay yi ma motag ga? Da can ba haka take ba.” Ban iya ba ta amsa ba. A daren na murɗa maɓallan nan huɗu zuwa laushi, amma na gane cewa man da ke cikin shokazobar kawai maɓallin yake sarrafawa. Taurin sifirin yana nan yadda aka ƙera shi, nawa na gaba sai nauyin kilo 10 ya hau shi kafin ya lotsa milimita ɗaya, na baya kilo 6. Ga shi kuma saukarwar ta cinye tazarar da taya ke da ita ta motsawa sama, rami kaɗan sai ƙarfe ya kai ga robar tsayawa, bugun ya taho kai tsaye zuwa kujera.

Sai batun taya. Mota irin wannan idan ta sauka, saman tayoyin yana karkata ciki. Na yi sakaci da alaimin, wato saita tsayuwar tayoyi, cikin wata huɗu gefen ciki na tayoyin baya ya sule har waya ta fara leƙowa, waje kuwa kamar sabo. Sai da na sayi hannayen ƙarfe masu riƙe tayoyin baya, irin waɗanda ake iya daidaitawa, kafin mai alaimin ya iya miƙe su. Wannan kuɗi ne da ban sa a lissafi ba.

Ƙurar hunturu ma ta yi nata. Da na yanke shawarar ɗaga motar a watan Fabrairu, zobban sun ƙi motsi, ƙura ta shiga zaren ta haɗu da giris ta daskare kamar siminti. Yini guda muka kwashe da buroshin ƙarfe da kananzir kafin su saki. Tun daga nan na sa wani mai ɗinkin kujerun mota ya yi mini riguna huɗu na tamfol da ke rufe zaren, kuma duk wankin mota sai an fesa wajen da ruwa.

Yanzu santimita 2 kacal take ƙasa da tsayinta na asali, maɓallan gaba suna mataki na 10 daga laushi, na baya na 8. A haka na samu natsuwa. Ta fi yadda take a da riƙe hanya nesa ba kusa ba, tudun cikin gari kuma ba ya taɓa ta in dai ban cika but da kaya ba. Laushin nan na asali dai bai dawo ba, kuma na daina jiran sa.

Ƙanena yana da Corolla, ita ce ta makarantar yara, ita ce ta cefane, ita ce ta zuwa Illela. Da ya ce zai yi irin nawa, na hana shi, na ce ya sayi shokazoba mai kyau da tayoyi sababbi, zai samu yawancin abin da yake nema da rabin kuɗin. Wanda kuwa ke da mota ta biyu, yana son tuƙi don tuƙin kansa, kuma zai iya shiga ƙarƙashinta duk wata ya duba zare, ba zan hana shi ba, ni ma ban cire tawa ba. In Inna za ta fita dai, motar ƙanen nawa nake arowa.